Ranar da Baba Sittin Ya Yi Sittin da Shida

Yayan matata direba ne, kuma shekara ashirin da huɗu ya yi yana jan bas ɗin makarantar da na koyar. Yara ne suka laƙaba masa Baba Sittin, domin allurar agogon gudu ba ta taɓa haye sittin a hannunsa ba. Sittin doka ta yanka wa hanyar da yake bi, shi kuwa ya riƙe adadin nan tamkar gadon gidansu. Duk shekara, ranar da iyaye suka kawo sababbin ɗalibai, yakan tsaya a ƙofar bas, ya ɗaga makulli sama, ya ce: "Ranar da na wuce sittin da 'ya'yanku a bayana, ranar zan ajiye wannan." Iyaye su yi dariya, shi kuwa ko murmushi.

Yana da wani ƙyalle na musamman a aljihun gaba, wanda ba ya goge komai da shi sai gilashin agogon gudu. Idan direbobi suka wuce shi suna danna masa ham, sai ya girgiza kai, ya ce wa yara: "Ku dube su, kabari suke wa sammako."

A daminar shekararsa ta ƙarshe a bakin aiki, ruwa ya cinye hanyar unguwar da yake fara ɗaukar yara. Cikin bas ya riƙa gogar ƙasa, har wata yarinya ta ciji harshenta da suka faɗa rami. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya roƙi shugabar makaranta a saya wa motar tayoyi masu tsayi, aka saya, mai taya ya ɗaura. Ranar ya zagaya bas ɗin sau uku yana yabawa: "Ga ta nan, ta zama raƙumi."

Tun daga makon ya fara isa makaranta da saurin minti huɗu. Bai zargi motar ba, agogon hannunsa ya zarga. Sau biyu yana kai shi wurin gyara, sau biyu ana ce masa lafiyarsa ƙalau. Matarsa ta ce: "Baban yara, ko dai hanyar ce ta tsufa ta ƙanƙance, kamar wani da na sani?"

Wata biyar aka yi a haka. Wata Talata da safe, jami'in hanya ya ɗaga masa hannu, yana riƙe da na'urar auna gudu.

"Baba, sittin da shida kake yi."

"Wa?"

"Kai mana. Ga shi a rubuce."

"Ɗana, tun ba a yaye ka ba nake jan motar nan. Sake dubawa, wataƙila na wanda ya wuce ni ne."

"Babu wanda ya wuce ka, Baba. Kai ne ma ka wuce mai babur."

Yara suka ji, suka ɗauka baki ɗaya: "Sittin da shida! Sittin da shida!" Jami'in ya rubuta takarda ya miƙa masa.

Da yamma ya zo gidana. Ya zauna a bakin kujera, takardar a hannunsa, matata ta ajiye masa ruwa bai ko kalla ba. Ya ce: "Malam, da idona na ga allura a kan sittin. Shugaba ta ce ta yarda da ni, na'urarsu ce ta yi kuskure. Amma ban iya cin abinci ba. Raka ni wurin Kunne."

Kunne tsohon makanike ne, abokinsa tun suna samari, wanda yake gane ciwon mota da saurare kawai. Washegari muka kai masa bas ɗin. Bai ko buɗe injin ba. Ya dubi tayoyin, ya dubi abokinsa, sannan ya tuntsire da dariya.

"Wane ne ya sa wa akuya ƙafar raƙumi?"

"Ni ne. Mene ne haɗin taya da allura?"

"Haba tsoho! Shekara ashirin da huɗu kana goge mata fuska, ba ka taɓa tambayarta abin da take ƙirgawa ba?"

Kunne ya ɗauko alli. Ya sa alama a jikin sabuwar taya da kuma a ƙasa, muka tura motar har alamar ta zagayo, ya sake zana ƙasa, ya auna da tef: mita biyu da santimita ashirin. Ya mirgino wata tsohuwar taya irin wadda aka cire, ya yi mata haka: mita biyu cif.

Ya ce: "Allura ba ta ganin hanya. Juyin taya kaɗai take ƙirgawa, kuma har yau tana zaton ƙaramar ce a ƙarƙashinta. Kowane juyi ɗaya, babbar tana satar maka santimita ashirin. Malam, yi masa lissafi, ni ba ya jin maganata."

Lissafin ba mai wuya ba ne, faɗarsa ce mai wuya. Na ce: "Yaya, ƙarin kashi ɗaya ne cikin goma. Duk inda ka ga sittin, sittin da shida kake yi."

Ya nemi wurin zama, ya sauka a kan tsohuwar tayar.

"Kullum?"

"Kullum."

"Wata biyar? Da yara talatin da biyu?"

Har Kunne ya haɗiye dariyarsa. Can Baba Sittin ya ce da ƙaramar murya: "Kuma ina girgiza wa mutane kai." Ya dubi agogon hannunsa. "Wannan bawan Allah ya yi ta gaya mini, ni kuwa ina kai shi asibiti."

Gyaran bai ɗauki yini ba. Kunne ya kwanta ƙarƙashin mota, ya cire wani ɗan ƙarfe mai haƙora a jikin giyar motar, inda wayar agogon gudu take shiga, ya sa wanda ya dace da manyan tayoyin. Baba Sittin ya ƙi yarda sai an gwada. Muka fita babbar hanya, inda ake kafa alama a kowace kilomita. Ya tsayar da allura a kan sittin, ni kuma ina riƙe da agogon nan da aka yi wa ƙazafi. Daga alama zuwa alama, minti ɗaya daidai. Sau biyar ya sa muka maimaita.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe daga nan ofishin shugaba ya nufa. Ya goge gilashin agogon gudu, ya ninke ƙyallen ya bar shi a kan kujerar direba, ya shiga ya ajiye makulli a kan teburinta.

Ta miƙe tsaye. "Baba, mene ne haka? Laifin taya ne, kowa ya gani. Babu wanda ya kore ka."

"Ranki ya daɗe, bakina ne ya kore ni. Sau ashirin da huɗu na faɗa a gaban iyaye, kuma ban taɓa cewa 'sai dai in taya ce' ba."

Ta roƙe shi, iyaye suka roƙe shi, matarsa ta ce taurin kansa ya fi tayoyin girma. Bai koma ba. Yanzu da ƙafa yake zuwa ko'ina. Amma duk safiya za ka same shi a ƙofar makaranta, kuma idan bas ta iso, ba ya gaisawa da sabon direban sai ya fara duba agogo.