Farar Rigar da Aka Yanka da Wuri

Mordecai tela ba ya miƙa wa mutum riga sai ya tura hannunsa cikin kowane aljihu har wuyan hannu. Ko mai rigar na tsaye yana duban agogo, ko mai keke napep na jiransa a bakin titi, sai ya yi. In yatsunsa suka taɓa ƙasan aljihun da wuri, sai ya girgiza kai, ya jawo reza ya farke.

Shagonsa yana Samaru, a wani lungu bayan masu buga takardu, gidansa kuma yana Sabon Gari, wajen Chikaji. Tun yana saurayi ya zo daga kudancin Kaduna koyon ɗinki. Ya fara da kayan 'yan firamare, a ƙarshe ya tsaya kan kayan ɗaliban jami'a da suka yi nisa a karatu. Sababbin shiga ba su san lungunsa ba, na kanti suke saya. Sai karatu ya kai inda ake taɓa abu da hannu sannan ake nemansa. Masu karatun sinadarai suna son farar riga mai maɓalli a wuyan hannu, saboda abin da kan fantsamo. Masu karatun likitan dabbobi koriya suke so, mai kauri. 'Yan wasan kwaikwayo kuwa, duk abin da malaminsu ya yi mafarkinsa shi suke kawowa.

Manyan baƙinsa su ne masu karatun likita. Suna da wata jarrabawa a tsakiyar karatunsu. Wanda ya haye ya shiga asibiti, ya fara bin manyan likitoci gado-gado, sanye da farar riga mai sunansa a ƙirji. Wanda bai haye ba a tura shi wani sashe. Mordecai yana da doka a kan wannan riga. Zai auna ka, zai ajiye maka yadi, amma ba ya sa almakashi sai sakamako ya fito. In ɗalibi ya matsa, sai ya ce, "Ka je ka dawo. Yadi ba ya gudu." Bai taɓa faɗin dalili ba. Tsofaffin lungun dai sun tuna wata riga da ta daɗe a rataye ba wanda ya zo karɓa.

Happiness ita ce autarsu shi da matarsa Susanna, ita ce kuma ta samu gurbin karatun likita. Karatun ya ja. Yau a buɗe makaranta, gobe a tafi yajin aiki, a dawo a fara daga inda ba a tsaya ba. Kafin ta kai ga jarrabawar nan, gadon bayan Mordecai ya fara ranƙwafawa, zare kuma ba ya shiga allura sai ya fito bakin ƙofa wurin haske. Ya gaji, ko da yake ba ya faɗa.

Ana saura kwanaki sakamako ya fito, ya ci karo da wani farin yadi a kasuwar Sabon Gari, irin wanda ba ya yamutsewa. Ya kawo shi gida ya shimfiɗa a tebur, ya zana da alli.

Susanna ta tsaya a kansa. "Baban Happiness, sakamakon ya fito ne?"

"Bai fito ba."

"To almakashin fa?"

"Wannan ai tawa ce," in ji shi, ya ci gaba da yanka.

Ya ɗinka ta a natse, ya kai aka saƙa mata suna a ƙirji da shuɗin zare, ya rataye ta a ƙofar shago inda duk mai wucewa zai gani. Aka kuwa gani. Lahadin da ta biyo baya matan zumunta na coci suka fara kiran Susanna Maman Likita. Ita dai murmushi take yi ta gyara ɗankwali.

Sakamako ya fito. Sauran ɗalibai suka cika shagon, ya yi ta yanka. Happiness ta bugo waya ta ce nata ana sake dubawa. Aka sake tafiya yajin aiki, aka dawo. Ɗakin da take haya bai fi jifa biyu daga shagon ba, amma ta daina biyowa ta lungun. Ran Lahadi takan zo gida, ta yi duhu da rana, da jar ƙasa a maƙale a takalmanta. Mordecai ya san masu bin gadajen asibiti ba sa taka jar ƙasa. Ya dubi takalman, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Rigar kuma tana nan. In kafaɗunta suka fara ja da ƙura sai ya sauke ya wanke, ya goge, ya mayar.

Wata rana da hantsi wani dogon ɗalibi ya shigo, ya ce sunansa Tomiwa, shi ne wakilin ajinsu a sashen masu binciken kufai, waɗanda ke tono tsofaffin garuruwa. Za su fita daji aikin tono, suna son rigunan kaki marasa hannu, masu aljihu da yawa.

"Baba, wata 'yar ajinmu ta ce kada mu zo nan, wai ka tsufa ba ka gani," in ji shi yana dariya. "Amma kowa ya ce in dai aljihu ne, kai ne oga."

"Ba ta yi ƙarya ba. Wace ce?"

"Happiness. Daga likita aka dawo da ita wurinmu. Shiru-shiru, amma in ta shiga rami sai an roƙe ta ta fito. Ka san ta ne?"

Rigar tana lilo a bayan kan yaron, sunan ya juya ta wajen bango. Mordecai ya ɗauki tef ɗin awo ya naɗe shi a yatsa, ya warware.

"Na san ta," ya ce. "Me kuke zubawa a aljihunan?"

Tomiwa ya shiga bayani: ɗan cokalin magina na kankare ƙasa, buroshi, igiya, ledojin zuba fasassun tukwane. Mordecai ya saurara har ƙarshe, ya tambayi tsawon cokalin. Da yaron ya tafi, ya jawo kujera ya hau a hankali, ya sauke farar rigar, ya ninke ta ya sa a ƙasan kwaba.

A gida ya sami Susanna tana tsince shinkafa.

"Kin sani?"

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da sakamakon ya fito. Ta zo shago za ta gaya maka da bakinta. Ta hango rigar daga bakin lungu, sai ta juya."

Ya zauna a bakin gado ya cire takalmi. Ya daɗe riƙe da guda ɗaya a hannu.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Happiness na wanke kwanoni, ya fito da tef a wuya.

"Zo ki tsaya in auna ki. Kafaɗarki ta canza."

"Baba, ai rigar tana nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Waccan aljihunta uku ne. Ina za ki sa cokalin da buroshin?"

Ta tsaya da kumfa a hannu. Can ta share hannuwan a zaninta, ta matso, ta buɗe su kamar yadda take yi tun tana ƙarama in za a yi mata ɗinkin Kirsimeti. Ya auna kafaɗa, ya auna tsawo.

"Me kuke tonowa a can?"

"Tukwane, Baba. Fasassu."

"Fasassu. To. Ana samun aiki da shi?"

"Ban sani ba."

"Kina so dai?"

Ta gyaɗa kai.

"To tsaya sosai, kina ɓata mini awo."

Ya fara da na 'yan ajin, domin a wurinsa na baƙo ne a gaba, na gida a ƙarshe. Aikin ya ba shi wahala. Kaki yana da tauri, aljihunan kuma ba sa ƙarewa. Tomiwa ya zo ya kwashi nasu, bayan ya tsaya ya jira an tura hannu cikin kowanne. Saura ta Happiness. Ya ƙara mata aljihu biyu da babu a na sauran, ya ninka bakinsu saboda kaifin cokali.

A kanta yake, da safe, masu buga takardu suka ji keken ɗinkin ya yi shiru. Suka leƙo suka same shi ya jingina da bango, hannun dama ya saki. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, ɗalibai masu fararen riguna suna zagaye gadonsa bayan malaminsu. Wasu rigunan nasa ne. Bai iya magana ba, amma Susanna ta ce idonsa na kan aljihunansu. Bai koma Samaru ba.

Bayan an yi jana'iza Happiness ta je ta buɗe shagon don a kwashe kaya. Rigar kakin tana ƙarƙashin allurar keke, zaren bai yanke ba. Ta ɗaga ƙafar keken ta zaro ta, ta sa a jikinta. Kafaɗa ta zauna daidai. Ta tura hannu a aljihun farko har wuyan hannu, ta tura a na biyu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe, na gefen hagu, yatsunta suka fito ta ƙasa. Zanen allin yana nan inda ɗinkin zai bi.