Buhu Biyu na Ya Falmata

Daga gida zuwa Gueskérou

Ƙarfe biyar da kwata, bayan asuba, muka bar ƙauyenmu a amalanken shanu, ni da Ya Falmata, matar marigayi wana. Ni ƙungiyarmu ta manoman tattasai ta aika in karɓo takin da gwamnati ta rage wa kuɗi, kuma ranar ce ta ƙarshe. Dashenmu na bakin Komadugu ya fara yin rawaya. Ita kuwa ta biyo ni don sunan mijinta ne a lissin masu karɓa, ba nata ba.

Bakwai saura muka samu motar Diffa a Gueskérou, jaka ɗaya da rabi na sefa kowane mutum. Direba ya gargaɗe ni tun kafin in zauna: "Malam, ƙarfe shida ake rufe hanya. Wanda bai fito ba ya kwana Diffa."

Diffa

Kilomita talatin da ɗoriya ne, amma shinge uku muka tsaya, kowane sai an sauka an nuna katin shaida. Tara da rabi muka isa mangaza, inda ake rabon takin. Layi ya kai bakin titi. Muka sayi ƙosai da kunu na dala hamsin, muka ci a tsaye.

Ƙarfe ɗaya aka ba ni buhu goma sha biyu, da takardar izinin ɗauka mai hatimi, don a yankinmu ba a yawo da taki haka nan, gudun kada ya faɗa hannun masu haɗa bam da shi. Da aka zo kan Ya Falmata, ma'aikacin ya ce sai mai sunan ya zo da kansa.

"Yana kabari, ɗana," in ji ta. "Gonar tana nan, ni ke ban ruwa."

Ya ce ba shi da iko. Muka yi awa biyu a gindin bango, har wani dattijon malamin gona da ya san wana ya fito salla. Ya saurare mu, ya koma ciki, ya soke sunan ya rubuta nata. Uku da rabi aka ɗora buhunta biyu a mota, muka kamo hanya.

Shingen ƙarshe

Biyar saura kwata, soja ya hau bayan mota ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Sai a lokacin na tuna: takarda ta ce goma sha biyu, mota na ɗauke da goma sha huɗu.

"Biyun nan wa za ku kai wa a daji?" in ji sojan.

Na yi bayani. Shef ɗinsu, wato shugabansu, ya ce a sauke biyun, ni kuma in tsaya. Ya Falmata ta sauko a hankali ta zauna a kan buhunanta.

"Nawa ne. In za a tsare wani, ni ce."

Na kira malamin gona a lambar da ya ba ni, waya ba ta shiga ba. Direba na ta duban rana. A kira na huɗu ya ɗauka, na miƙa wa shef. Ya saurara ya daɗe, sannan ya karɓi biro ya rubuta sunanta da buhunta biyu a bayan takardar, ya ce mu tafi.

Gida

Shida saura minti biyar muka shiga Gueskérou, ana kiran isha'i muka sauka ƙofar gida. Kafin a shigar da kaya ta ce in nuna mata inda aka rubuta sunanta. Na ɗora yatsanta a wurin. Ta daɗe tana kallo, ita da ba ta karatun boko, sannan ta naɗe takardar a bakin zanenta.

Godiya ga Allah da ya maido mu lafiya, da dattijon nan da ya ɗauki waya, da direban da bai tafi ya bar mu ba.