Ɗanyun 'Ya'ya a Ƙwaryar Baba

Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar masara daga Doguwa zuwa duk inda aka aike shi. Da ya ajiye tuƙi, sa'o'insa suka sayi shanun huɗa, shi kuwa ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe, can tsaunukan Mambila, da dashen gahawa goma sha biyu a cikin ledoji. Inna ta dube su, ta dube shi, ta ce, "Malam, wannan kuma miyar me ake yi da shi?"

An sha dariya a garinmu, kuma da gaskiyar mutane, don ƙasarmu ta yi wa gahawa zafi. Baba dai ya ci gaba da aikinsa. Ya dasa su a lambunsa na gindin dutse, ƙarƙashin inuwar mangwaro, kusa da rafi. Ya lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa, da rani kuma ya riƙa jido ruwa da bokiti safe da yamma. Biyar suka mutu, bakwai suka rayu. Sai a shekara ta huɗu suka yi fure, fari tas, ƙamshi har bakin hanya. Ranar Baba ya zaga gari yana kiran masu dariyar su zo su shinshina.

Ita gahawa ba a girbe ta kamar dawa, a kwashe rana ɗaya a huta. A reshe guda za ka ga ja, ga kore, ga mai shirin nuna. Jajayen kaɗai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, a bar sauran sai bayan kwana biyar ko shida. Ɗanyu kaɗan in suka shiga, sun ɓata tukunya da bauri. Saboda haka Baba ya kafa doka, ba mai sa hannu a bishiyarsa sai shi. Ko ni da yake kira uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci, iyakata bakin danga.

Aikina yana farawa in ya miƙo ƙwarya. In murje jan ɓawon a turmi a hankali, in jiƙa ƙwayoyin a tukunya kwana ɗaya ko biyu har yauƙin ya sake su, in wanke, in zubar da masu tasowa saman ruwa. Daga nan a baza a tabarma, ana juyawa kusan mako biyu. Sai surfe, sai sheƙa a faifai, sai suya a kasko. Suyar kam shi yake yi, yana kasa kunne, wai ƙwayar tana yi masa magana in ta fara fashewa. Bayan duk wannan wahala abin da ake samu bai cika tiya biyu ba, amma in ka ga yadda yake kurɓarta da citta da kanumfari, ka rantse gonar gari guda gare shi.

A kakar girbi na uku, lokacin ina koyarwa a Tudun Wada, na zo gida hutun makaranta ranar Juma'a da yamma. Ya fito daga lambu ya miƙo mini ƙwarya yana murmushi.

"Duba, uwata, bana sun yi ja da kyau."

Na duba. Wallahi kusan rabi kore ne shar. Ni kuwa bakina ba linzami, har na buɗe shi zan tsokane shi, sai na lura ba fuskata yake kallo ba, kafaɗata yake yi wa murmushi. Na haɗiye tsokanar. Na ce, "Sun yi kyau, Baba," na shige ciki.

A madafa Inna ta gaya mini sauran. Wata biyu ke nan yana laluben buta, yana tuntuɓe da turmi. Ta yi masa maganar asibiti sau ɗaya, ya yi kwana uku bai ci tuwonta ba. Mutumin da ya yi tuƙi shekara talatin bai taɓa take ko kaza ba, wa zai ce masa idonsa ya gaza? In muka yi shiru idon zai tafi gaba ɗaya, in muka yi magana kuma ba mu san abin da zai karye a cikinsa ba. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa.

Sai na zaɓi hanyar ragwaye. Duk ƙwaryar da ya kawo, in zauna bayan rumbu in tsince ɗanyun, in ƙulle a haɓar zani, in watsar bayan danga. Mako uku ina wannan sata. Ina jin haushin kaina, ina huce shi a kan Inna, baiwar Allah, da ba ta yi mini komai ba.

Ranar wata Asabar da hantsi yana tsugune yana juya shanya da tafin hannu. Ya shafa tabarmar daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake shafawa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Abin da na tsinko ya fi wannan yawa. Kaji ne, ko ke ce?"

Da na ce kaji, da an wuce wurin. Amma abin ya cika mini ciki, ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Ni ce! Ɗanyu ne, Baba, rabinsu ɗanyu kake tsinkowa! Haba, sai yaushe za ka yarda?"

Inna ta saki muciya a madafa. Na tsaya ina jiran faɗa, kai, har so nake ya yi faɗan. Bai yi ba. Hannunsa yana kan tabarma, ya ce, "Tun yaushe?"

"Mako uku."

Ya ɗauke hannunsa daga tabarmar. Can ya ce, a hankali, "Ashe ni nake cutarsu." Ya tashi ya shiga ɗaki. Yinin ranar bai fito ba sai don alwala, ni kuma na yi kuka har na gode wa Allah.

Washegari bayan an karya kumallo na ji muryarsa a tsakar gida. "Uwata, ɗauko ƙwarya." Muka tafi, yana gaba ina baya. A bakin danga na tsaya kamar kullum, ya ce in shigo. Ya tsaya gaban bishiyar farko, ya miƙo mini hannunsa na dama.

"Ɗora shi a kan jajayen."

Na kama hannun. Ban taɓa sanin ya yi sauƙi haka ba. Na kai yatsunsa kan ja, ya murɗa ya tsinke, na kai su kan wani. Muka gama reshe ɗaya, muka kama na biyu, muna jin ƙarar 'ya'yan suna faɗawa ƙwarya.

Bai juyo ba ya ce, "In mun koma, ki ce wa uwarki ta wanke mini babbar rigata. Ba zan shiga asibitin Kano da kayan gona ba."