Taku Ɗaya a Baya

Ranar da labari ya iske ni

Ranar Talata, 11 ga watan Janairu, 2022, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina tsugune ina wankin kayan makarantar autarmu, mai gadin filin wasa na bayan asibiti ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bai taɓa zuwa ba. Da na leƙa sai na ga takalman gudun maigidana a hannunsa. Ya ce, "Uwar yara, sai haƙuri. Masinja ya faɗi a zagaye na tara." Sunan da kowa ke kiran maigidana ke nan. Ban tambaye shi ko da sauran numfashi ba. Na san in da rai a jikinsa, ba mai raba shi da takalman nan.

Ina rubuta tarihinsa ne saboda 'ya'yansa da jikokinsa, daga abin da na ji a bakinsa, da abin da idona ya gani, da takardun da na tarar a jakarsa. Inda na manta wata, zan faɗi shekara kawai.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi a shekarar 1968, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke tsayawa sau biyu a mako. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a bakin tasha, mahaifiyarsa kuma tana sayar da zare da allura a cikin gida. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma namiji na farko.

Yana da shekara tara ciwon ido ya raba mahaifinsa da gani, ya rufe akwatin agogonsa bai ƙara buɗewa ba. Tun daga lokacin shi ke riƙe masa sanda zuwa masallaci da kasuwa da asibiti, har tsawon shekara goma sha ɗaya. Tsohon ya kafa masa ƙa'ida guda: duk inda ƙasa ta canza, ko dokin ƙofa ne, ko kwata, ko matakala, jagora shi ke fara takawa sannan ya faɗa. Sau ɗaya ya yi sakaci tsohon ya zurma kwata ya fasa gwiwa. Bai doke shi ba, cewa kawai ya yi, "Da ka fara takawa, da ƙafarka ta gaya mini." Wannan magana ta bi shi har furfura. Ni da nake da idona biyu, in muka zo shiga gidan mutane sai ya riga ni ya ce, "A ɗaga ƙafa."

Karatu da aiki

Ya gama firamare a 1981, ya yi aji uku a sakandare, hidimar gida ta hana shi ƙarasawa. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1988 ya taho birni, a 1989 aka ɗauke shi masinja a ofishin ruwa. An ba shi keke, amma keken ya fi daɗewa a wurin mai faci fiye da kan titi, don haka sai ya riƙa saƙale jakar takardu a kafaɗa ya tafi da gudu, ya dawo kafin shayin ogansa ya huce. Ko bayan da aka ƙara masa girma ya zama mai kula da ɗakin fayil, sunan Masinja bai bar shi ba. Shekara talatin da uku ya yi a wannan ofis.

Aure da iyali

An ɗaura mana aure a 1994. Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, tsakanin 1996 da 2009. A duk zamanmu, in ba rashin lafiya ba da wasu kwana biyu da zan zo kansu, ban san safiyar da ya dawo daga sallar asuba bai ɗaura takalmi ya fita gudu ba. Maƙwabcinmu mai wanki da guga yakan ɗaga murya ya ce, "Masinja, wa ya biyo ka?" Shi kuma ya amsa yana wucewa, "Tsufa ne, kuma yau ma bai kama ni ba!"

Ɗanmu na fari, wanda muke kira Babba, abin nan ba ya burge shi. Tun yana sakandare yake cewa, "Baba, mutum ya yi ta gudu, ba kare a bayansa, ba abinci a gabansa?" Uban sai ya yi dariya ya ce wai barewa ce ta haifi kunkuru.

Haɗuwarsa da Masaƙi

A 2014 kujerarmu ta tsakar gida ta tsinke, ya kai ta wurin wani makaho mai saƙar kujeru da igiyar roba a gindin gada, wanda kowa ke kira Masaƙi. Shi ma ɗan gudu ne a zamanin makarantarsa, ganinsa ya tafi yana da shekara talatin. Maigidana bai gama ajiye kujerar ba Masaƙi ya ce, "Kai ne mai wucewa ta nan kullum da safe? Kana jan ƙafar hagu."

"Kai da ba ka gani?"

"Ido ne ya mutu, malam, kunne yana nan. Gobe in za ka wuce ka tafi da ni."

Da hannunsa Masaƙi ya saƙa 'yar igiya mai tsawon kamu biyu, da zobe a kowane baki, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun maigidana. Haka suka fara, kafaɗa da kafaɗa. Burin Masaƙi shi ne gudun fanfalaki da ake yi a birnin kowace shekara, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai, wanda ake buga sunayen duk waɗanda suka kammala. A tsakar gidanmu na ji ya ce, "Sunana yana takardu da yawa, amma duk na tausayi ne. Ina so a rubuta shi wuri guda saboda ƙafata." Maigidana ya yi masa alƙawarin sai ya kai shi.

Gasar 2016

An karanta musu dokoki kafin ranar: jagora ba ya ja, ba ya turawa, kuma ba ya riga wanda yake wa jagora tsallake layin ƙarshe. Maigidana ya haddace su, har yana karanta mini.

Sun tashi cikin dubban mutane. Ya gaya mini aikin baki ya fi na ƙafa wuya, don bai yi shiru ba tun daga farko: rami a dama, kofunan ruwa a ƙasa, hawa ya fara, wata baiwar Allah ta tsaya a gabanmu. A kan babbar gada iska ta kwashe muryarsa sai da ya koma magana da igiya. Wajen kilomita talatin, inda 'yan gudu ke cewa ƙafa tana zama ta aro, wani matashi da ya zauna a gefen titi ya ga makaho ya wuce shi, ya tashi ya bi su yana cewa, "Wallahi ba za a ba da labarin nan a unguwarmu ba."

Ina bakin shingen ƙarshe da yara lokacin da suka ɓullo, agogo yana nuna awa huɗu da minti hamsin da ɗaya. A kan layin an shimfiɗa wata tabarmar roba da ta rufe wayoyin agogo, bakinta ya ɗan tashi daga kwalta. Na ga idon maigidana ya sauka a kan bakin nan. Sai ya miƙa ƙafa ya fara takawa, ya ce, "A ɗaga ƙafa."

Muna ta murna, ba mu san abin da ya faru ba, sai da wata jami'a ta kira su teburinta ta nuna hoto: ƙafar maigidana ce ta riga tsallake layin. Ta ce ita ma abin bai yi mata daɗi ba, amma doka ce. Ba a rubuta sunan Masaƙi ba.

Kwana biyu maigidana bai ci abincin kirki ba, bai fita gudu ba. A rana ta uku Masaƙi ya zo da kansa yana dogara sanda, tun daga zaure yake cewa, "Uwar yara, ina ɓarawon layin nan? Fito da shi." Da ya fito kansa a ƙasa, Masaƙi ya ce, "Babanka ka yi wa jagora ran nan, kuma ka yi daidai. Ni dai ba babanka ba ne. Bar ni in yi tuntuɓe in dai a gabanka zan faɗi. Ɗauko takalminka."

Gasar 2018

Shekara biyu suka ƙara suna shiri. A gasar 2018, a kilomita talatin da uku, gwiwar hagun maigidana ta ƙi. Dokar ba ta yarda a canza jagora a hanya ba sai wanda aka rubuta tun farko, su kuwa ba su rubuta kowa ba. Motar asibiti ta tsaya a gefensu har sau biyu. Masaƙi ya ce, "Shiga mota, Masinja, ƙafa ta fi suna." Ya ce, "Takardar da aka ba ni ban taɓa mayar da ita ofis ba. Mu je."

Da tafiya suka ci kilomita tara da suka rage. Awa shida ake rufe gasar, su kuma sun kusa bakwai. Ina nan tsaye har aka sauke agogo, aka naɗe tabarmar roba, aka fara loda shingaye a mota. Ba abin da ya rage sai farin fenti a kan kwalta. Da suka iso, maigidana yana ɗingishi, leɓensa ya bushe, ya ja ya tsaya cak saura taku ɗaya, ya miƙa hannu iya tsawon igiyar ya ce, "Bismilla, wuce." Masaƙi ya wuce, sannan shi ya biyo. Ni da mata uku masu shara ne shaidu. Ɗayarsu ta maƙale tsintsiya a hammata ta tafa musu. Ranar ma ba a rubuta sunan ba.

Shekarunsa na ƙarshe da rasuwarsa

A 2019 aka yi masa aikin gwiwa, likita ya ce ya huta da dogon gudu. Ya huta iya yadda zai iya, a 2021 ya koma fili, suka ba da sunansu domin gasar 2022. Na yi masa magana sau ɗaya, na ce shekaru sun ja. Ya ce, "Na sani. Amma da bakina na ɗauka, da ƙafata na ɓata."

Saura mako bakwai gasar Allah ya karɓi abinsa. Masaƙi ne ya ba ni labarin yadda aka yi, tun da hannunsa na cikin igiyar. Ya ce suna cikin zagaye na tara ya ji igiyar ta yi nauyi, sai maigidana ya ce masa, "Tsaya cak." Masaƙi ya tsaya. Maigidana ya zare hannunsa daga zoben, ya matsa gefe, sannan ya faɗi ta inda Masaƙi ba zai taka shi ya kife ba. Likita ya ce zuciya ce. Ya rasu cikin shekararsa ta hamsin da huɗu.

An yi masa salla bayan azahar a ranar, aka kai shi makabartar gabas da gari. Abokan aikinsa sun zo, 'yan gudu ma sun zo da yawa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Waɗanda ya bari

Ya bar ni, da 'ya'ya huɗu: Babba, mai walda, ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, na uku, da ke koyon gyaran lantarki, sai Auta, da ke sakandare. Ya bar jikoki biyu da 'yan'uwa mata uku. Ya kuma bar alƙawari guda da bai cika ba.

Bayan na fita takaba, Babba ya rufe shagonsa wata safiya ya tafi gindin gada ya ce, "Baffa, ba ni igiyar." Masaƙi ya shafa hannunsa da kafaɗarsa ya ce, "Wannan jikin na ɗaukar ƙarfe ne. Za ka yi amai kafin mu kai asibiti." Ya yi aman kuwa, har sau biyu, kuma washegari ya koma.

Sai dai Babba mai gaggawa ne. A ƙofar gidanmu suke ƙare gudunsu, kuma da ya hango gida sai ya ƙara mai ya shige gaba. Masaƙi ya yi faɗa har ya gaji. Ni ban iya gudu ba, ban san dokokinsu duka ba, amma wannan guda ɗayar na san abin da ta ci mana. Sai na fara ɗebo toka a murhu ina ja musu layi a bakin ƙofa kafin su dawo, in tsaya a kai. Ran da ƙafar Babba ta riga, juyawa nake in shige ciki. Wata biyu aka yi kafin ya daina.

A gasar 2023 suka kammala cikin awa biyar da minti goma sha biyu. Da takardar sunaye ta fito, Auta ce ta karanta wa Masaƙi nasa. Ya sa ta maimaita sau uku, sannan ya ce ta ɗora masa yatsa a wurin.

Har yanzu suna fita kowace safiya. Babba ya ce mini, "Mama, ai na koya, ki huta." Na ce na ji. Amma da na idar da salla nakan ɗebi toka a marfin tukunya in fita in ja layin nan daga bango zuwa bango. In na jiyo takunsu daga kan kwana, ba na duban fuskar kowa. Ƙasa nake kallo, sai na ga ƙafar da ta fara shigowa, sannan in ce musu sannu da zuwa.