Yatsuna Suna Mutuwa, Ina Cewa Da Sauƙi

Salamu alaikum jama'a. Kusan shekara biyu ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina na shiga, ga amsarku. Ku yi haƙuri, yau a fusace nake.

Kansar mama ce ta kama ni. Da ɗan ƙullutu ta fara, kamar ƙwayar gyaɗa. Aka yi gwaji, aka yi mini aiki, aka ce sai kemo, wato ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku.

Gashi ya zube, ɗankwali ya rufa asiri. Amai ma na jure.

A zagaye na biyu ne kan yatsuna ya fara zugi, kamar ana tsira mini allura. Ni kuwa ɗinkin hular zanna ne cina da shana tun ina budurwa a unguwarmu ta Fezzan.

Na gaya wa yayata, Ya Falmata, mai jinyata. Ranar an kawo waɗanda bam ya rutsa da su asibitin, har a baranda an kwantar da mutane. Ta harare ni ta ce, "Ke, ji tsoron Allah. Ga wanda ba shi da ƙafa, ke kina kukan yatsa?"

Na ja bakina na tsuke.

Duk zuwa, likita zai ce, "Hajiya, ya jiki?" kansa na kan takarda. In ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka rene mu, ko kana bakin kabari da sauƙi za ka ce. Ya rubuta, a ɗaura ruwa. Sau uku muna wannan wasan.

Wata rana takalmina ya zame a titi, na ci gaba da tafiya ban sani ba, sai da mai keke ya nuna mini.

A zagaye na biyar wata likita ce ta duba ni. Ta ajiye allura a tebur ta ce in ɗauka. Na yi ta lalube, na kasa. Ta ce in ɓalle maɓallin riga, nan ma na kasa. Ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora a babban yatsan ƙafata. Idona na ganin yana rawa, ƙafata ba ta ji.

Ta ce, "Baba, lalacewar jijiya mataki-mataki ce. Da a mataki na farko ko na biyu muka gani, da an rage maganin. Ke kin kai na uku. Me ya hana ki faɗa?"

Me ya hana a gwada ni? Gwajin nan ko minti biyar bai ci ba! Na san marasa lafiya sun yi wa likitoci yawa, amma ni ma mutum ce. Ina jin haushin likitan, ina jin na Ya Falmata, na fi jin na kaina.

Aka canza magani. Yanzu an ce ba a ga kansar ba, alhamdulillahi. Ƙafafuna sun dawo a hankali. Yatsu uku na hannun dama sun ƙi.

Na gode wa Allah da ya bar ni da raina. Na gode wa likitar nan, da Ya Falmata da ta bar gidanta wata takwas saboda ni, duk da mun sha faɗa.

Mai shan kemo, ɗakin likita ba zauren gaisuwa ba ne. In yatsa ya yi zugi ko ya mutu, faɗa ranar, ka ce a gwada kafin a ɗaura ruwa. Mai jinya, kada ki auna ciwon wani da na wani.

Waɗanda suka ba ni ɗinkin hula, ku aiko a karɓi yadinku. Na daina.