Leshin da Sa'adiya Ta Ɗinka wa Luba

A wani ƙauye da ke gabas da Bagwai, kusan duk macen da ta sa sabon kaya ranar Sallah daga keken Sa'adiya ya fito. Shekara talatin tana ɗinki a rumfar tsakar gidanta. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ƙanwarta Luba ta haifi tagwaye, Hassana ta koma tun tana jaririya, sai aka yaye Huseina aka miƙa wa Sa'adiya riƙo. A hannunta yarinyar ta girma, a kekenta ta koyi ɗinki, ita take kira Inna. Ita kuma Sa'adiya ta aurar da ita ga Abdulmumini, mai fataucin busasshen kifi, ya ɗauke ta zuwa Yawuri, can bakin tafkin Kainji.

Ana tsakiyar bazara labari ya zo Huseina ta sauka, an sami namiji. Nisa ya hana ta zuwa gida wankan jego, don haka dole wata ta je ta zauna mata kwana arba'in. Sa'adiya har ta jawo jakarta tana kakkaɓe ƙura sai ga Luba ta yi sallama, tana ta murɗa bakin mayafi.

"Yaya, Huseina ta kira. Wai ni take so in je."

"Ke?"

"Haka ta ce. Wai ƙafarki ba za ta ɗauki zaman mota na yini guda ba."

Gaskiya ne gwiwar Sa'adiya na damunta, amma ba ta hana ta taka keke ba. Ta mayar da jakar ƙarƙashin gado, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Washegari Luba ta dawo da yadi biyu: atamfa mai sauƙi, da wani leshi ruwan toka mai nauyi da ta daɗe tana ajiya. Ba ta taɓa wuce Kano ba, kuma duk abin da ya shafi sutura sai abin da yayarta ta faɗa.

"Wanne zan sa ranar suna, Yaya? An ce garin akwai zafi."

Sa'adiya ta san zafin Yawuri, don Huseina ta sha faɗa mata a waya cewa ko a inuwa mutum jiƙewa yake sharkaf. Amma da ta dubi ƙanwarta tana ta washe baki, sai ta kawar da kai.

"Garin da ke bakin ruwa ina ya ga zafi? Iska ce kawai ke kaɗawa. Leshin za ki sa, in yi masa shafi mai kauri, kada ki ba mu kunya gaban dangin miji."

Ta yi masa shafi har ninki biyu, ta ɗaga wuyan, ta matse hannuwan. Atamfar kuwa ta ce ba za ta samu ba kafin tafiya, ta cusa ta ƙasan kayan mutane.

Ranar haɗa kaya ita ta zauna kan tabarma tana ba da umarni. Kuka da daddawa a leda biyu-biyu, yajin jego da ta daka da hannunta, kanwa, man shanu a gwangwani, zannuwan goyo huɗu. Luba kuwa ba ta da zance sai na kwalekwale da kifin da aka ce ya kai tsawon mutum.

"Ki dai iya gasa mata jiki," in ji Sa'adiya. "Ba ta son kunu da tsami, in ba ki sani ba."

"Ai ni na haife ta, Yaya," Luba ta faɗa cikin dariya.

Sa'adiya ta ja zif ɗin jakar da ƙarfi har ya tsinke a hannunta.

Kwana biyu bayan suna wayarta ta yi ƙara. Huseina ce.

"Inna, ke kika ɗinka wa Umma leshin nan?"

"Ni ce. Bai yi ba?"

"Ninki biyu, Inna? A bazara? Ke da kika taɓa dukan hannuna don na sa wa rigar yara shafi lokacin zafi? Yini ta yi a cikinsa ta ƙi cirewa, wai ke kika ce. Yanzu duk bayanta ƙuraje ne, ko kwanciya ba ta iya yi."

 Sa'adiya ta ce, "Ni me na yi miki da ba ki kira ni ba?"

"Ba ki yi min komai ba. Ke na san ki, na san hannunki. Ita kuwa tun da na yi wayo ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Da na ji zafin haihuwa sai na ji ina son in gan ta."

Sa'adiya ta ce ta ji, ta kashe wayar. Ranar ba ta taka keke ba.

Da arba'in ta cika Luba ta dawo, ta yi baƙi, ta yi ƙiba, da kwali guda na busasshen kifi. Ba ta tayar da zancen leshi ba. Sa'adiya ce ta aika a karɓo shi, ta zauna da reza ta farke shafin gaba ɗaya, ta sassauta hannuwan, ta haɗa da atamfar da ta riga ta ɗinka ta kai mata da kanta.

Suka zauna ana warware tsaraba. Luba ta nuna mata hoton jaririn a waya, ga shi a bayanta cikin zanen goyo, ruwa shimfiɗe a bayansu har iyakar gani. Sa'adiya ta daɗe tana kallo.

"Kin ɗaure shi ƙasa da yawa," ta ce. "Wuyansa zai yi ciwo."

Har yau in Luba ta soma labarin Yawuri a gidan biki, Sa'adiya takan tuna tana da ɗinkin da ba ta gama ba, ta ɗauki mayafinta.