Abin da Aka Rubuta a Iƙamata

Ni 'yar katikis ce, wato babana ne mai koyar da addini a coci, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, Bahaushiya gaba da baya, kuma a cocin Katolika aka yi mini baftisma. A wancan lokacin na gama karatun jinya, ina cikin mawaƙan coci, bakina kuwa ba shi da linzami. Kujera ce ta fitar da ni daga coci. Ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ya ƙwace fadamar ƙauye, yayana ya yi magana, aka kulle shi sati uku, ya dawo kunne ɗaya ba ya ji. Ranar godiyar kaka sai ga ciyaman, an ajiye masa kujera mai laushi a gaban bagadi, mu muna kan benci. Fada ya yi wa'azi a kan biyayya ga masu mulki. Na tashi da rigar mawaƙa a jikina na fice. Babana ya biyo ni gida yana ba ni haƙuri, wai Fada tsoro yake ji kar a hana mu filin makaranta. Na gaya masa tsoro ba uzuri ba ne, kuma ba zan sake durƙusawa inda ake sa wa azzalumi albarka ba.

Bayan shekara biyu na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Jidda. Wakilin da ya cika mini takardu ya ji Hausar bakina, bai ko tambaye ni ba ya rubuta Musulma. Na gani da idona, na yi shiru, na ce ai ba ni da sauran addinin da zan kare, kuma aikin zai fi saurin fitowa. Haka iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta fito. Na kama ɗaki a unguwar Kurayyat a gidan wata Hajiya haifaffiyar garin, wadda kakanninta suka zo daga Kano da ƙafa. Hausarta rabi Larabci ce, faɗanta da yawa, hannunta a buɗe. Ɗiyata take kirana. In an kira salla sai in shige ɗaki in rufe ƙofa, azumi kuwa tare muke yi. Shekara uku muna cin abinci a faranti ɗaya.

Wata rana a wurin aiki wani jariri ya daɗe bai yi kuka ba. Da ya tsala ihu, hannuna ya yi alamar gicciye ban sani ba. Abokiyar aikina 'yar Filifin ta gani. Bayan kwana biyu ta raɗa mini cewa su Kiristoci suna addu'a ranar Juma'a da safe a wani ɗaki a unguwar Sa'alaba. Na je don in gani kawai. Bibbiyu ake shiga, takalma a shigar da su ciki, waƙa a maƙoshi. Babu Fada, babu bagadi, kowa a ƙasa yake zaune. Na yi kuka har na ji kunya. Amma da na fito sai zuciyata ta soma gardama: coci tana da daɗi ne in ba ta da ƙarfi, ranar da ta samu, kujerar nan za ta dawo. Ga shi kuma a nan na ga yadda mutane ke rage murya in addini da mulki suka zauna a tabarma ɗaya. Na je sau biyu, na daina, na sake komawa.

Ina cikin wannan kai-komo Hajiya ta ce abin kunya ne a ce ɗiyarta ta shekara uku a Jidda ba ta yi umra ba. Ta saya mini abaya a kasuwar Bab Makka, babban ɗanta ya ɗauke mu a mota. Takardata za ta wuce shinge lafiya lau, babu mai tambaya. Amma da na hango allon da ke nuna inda waɗanda ba Musulmi ba za su kauce, sai na ji ba zan iya shiga wuri mai tsarki ga matar nan da ƙarya ba. Na gaya mata ni Kirista ce. Ta dube ni, ta ce wa ɗanta halas, wato shi ke nan, ya juya. Muka koma gida.

Kwana goma ba ta amsa gaisuwata, ina jiran ranar da kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini a kan takardun aiki, zai kira ni. Bai kira ba. Ita ce ta kira ni, ta ce in faɗa mata komai. Na ba ta labarin ciyaman da kujera, ina tsammanin za ta yaba mini. Sai ta ce ba addinina ne ya ƙona mata rai ba, maƙwabta iri-iri ta zauna da su. Ta tambaye ni bambancina da Fadan da na raina: shi ya yi shiru don fili, ni na yi shiru don takarda.

Ba zan sabunta iƙamar nan ba. Ina gama kwantiragi zan koma gida, kuma Lahadin farko zan shiga cocin ƙauyenmu. Ban yafe wa kujerar ba, ban kuma yarda cewa mai mulki ya fi yayana kusa da Allah ba. Amma na gane cewa ranar da na fice, benci na bar musu babu mai magana. Ina jan kunnen duk mai karanta wannan, Musulmi ko Kirista: kada haushin malami ko Fada ya sa ka bari wani ya rubuta maka abin da kake, kuma kada ka zagi matsoraci kafin a gwada ka. Idan aka sake shigo da kujerar nan ina wurin, ba fita zan yi ba. Tsayawa zan yi in tambaya da ƙarfi wa aka kawo wa.